Agogon Jidda daban, na Kano daban

Tsakanin Kano da Jidda akwai kilomita kusan 3,400 a miƙe, jirgi kuwa yakan cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka kaɗan. Wannan na san shi sarai, har nakan burge 'yan majalisarmu ta Koki da shi. To da Gwaggo za ta dawo daga Umara aka turo hoton tikitinta, ni na karɓe wayar na yanke hukunci: tashi ƙarfe 9 na safe, a ɗora awa biyar, sauka ƙarfe 2 na rana. Na ce kowa ya sha kuruminsa, sai mun yi Azahar mu kama hanya.

Ƙanwata ta leƙa wayar ta ce, "Yaya, ga wani lokaci a ƙasa, 12 aka rubuta." Ban ko duba ba. Na ce kuskuren bugawa ne, wane jirgi zai zo daga Jidda cikin awa uku? Ta ja bakinta ta yi shiru, irin shirun ƙannen da aka saba gwasalewa.

Ashe agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, tikiti kuma yana rubuta kowane lokaci ne da agogon garin da ake tashi ko ake sauka. Taran Jidda bakwai ce a Kano. Bakwai da biyar, sha biyu. Lissafina daidai yake, agogon da na ɗora shi a kai ne ba namu ba.

Ina alwala a soro wata baƙuwar lamba ta kira. Wani bawan Allah ne ya ara wa Gwaggo waya, don tata ba caji. Kafin mu fita daga lungu, mu kuɓuta daga cunkoson 'yan adaidaita sahu a Ƙofar Mazugal, mu isa filin jirgin Malam Aminu Kano, biyu ta gota. Muka tarar da ita zaune kan akwatinta, robar zamzam a gefe, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Duk abokan tafiyarta an kwashe su.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, a yafe mini." Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. A mota ne ta ɗauko labarin kakanta, wanda ya tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Darfur har bakin Bahar Maliya, kamar dubban Hausawan da wasunsu suka zauna a Sudan ba su dawo ba. Ya yi shekaru a hanya. "Ba agogo, ba waya, ɗan nan," in ji ta, "amma ranar da ya iso, a bakin ganuwa ya tarar da 'yan tarya."

Yanzu ko awa biyar ɗin ban rantsuwa a kanta, domin da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 sai aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Lokacin saukar da ke kan tikiti nake karantawa, in kuma tambaya ko an samu jinkiri.

Neman gafarar Gwaggo bai yi mini wuya ba. Na ƙanwata ne na yi ta ja da baya, sai bayan an gama rabon dabino da bagaruwa na kira ta gefe na ce ita ce da gaskiya. Ta ce, "Ai na sani, Yaya."