Gayyar Kachalla a Ƙasar Nguru

Uwargida, in kin taɓa bin hanyar Haɗeja zuwa Nguru, kin ga wata ciyawa da ta fi mutum tsayi, mai kai kamar na gero, ta rufe ruwa iyakar ganinki. Kachalla ke nan. Daga cikin mota sai ta ba ki sha'awa, amma ki tambayi masunci ko manomin shinkafa ki sha labari.

Lokacin sanyi na kai wa goggona ziyara a wani ƙauye da ke yankin, na tarar an kira gayyar sare ta daga tafkin da suke wanki da shayar da dabbobi. Tun da hantsi maza suka shiga da adduna da lauje, ruwa iya ƙugu, mata na jan abin da aka sare zuwa tudu. Na lura a ƙarƙashin ruwa suke yankan ta. Wani dattijo ya ce min, "'Yata, in kika bar mata kai a waje, numfashi za ta yi ta dawo." Gaskiyarsa. Ta ganyen take kai iska ga saiwarta, in ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe.

Da can ambaliya kan zo da damina ta janye da rani. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma kwanciya a wasu wurare duk shekara, ita kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta zama makwancin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa.

Ba su share tafkin duka ba fa. Sun bar wani ɓangare saboda zalɓe da kirinjijiya da ke fakewa a ciki, kuma tarin da aka fitar sai ya ɗan jima a bakin ruwa, don ƙananan kifi da kwaɗi su samu su koma. Wani yaro ya tsinci kunkuru zai kai gida, yayarsa ta daka masa tsawa ya mayar. Ashe wannan dausayi sananne ne a duniya. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi sanyi a nan, kuma a 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar.

Ni dai ma'aikaciyar jinya ce, idona na kan ƙafafun yaran. Ruwa mai kwanciya da ciyawa gidan sauro ne, gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ne. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Idan ɗanki ya yi wanka a irin wannan ruwa, daga baya kika ga jini a ƙarshen fitsarinsa, kada ki yarda da masu cewa alamar balaga ce. Ki kai shi asibiti, akwai magani, an kuma fi samun sauƙi in an kama ta da wuri.

Da na faɗa wa goggo haka sai ta yi shiru, can ta ƙwala wa jikanta kira ya fito daga ruwan, ta ce gobe ni zan raka su asibiti kafin in hau mota.