Waya ɗaya da sifika ɗaya sun isa ajin Faransanci

Yau ba maganar canjin sikirin ko filashin zan yi ba.

Mu da muka yi ƙaramar sakandare a yankin Kurfi da Dutsin-Ma mun san yadda ake karatun Faransanci: malam ya rubuta a allo, mu kwafa, mu haddace, ranar jarabawa mu zuba. Shekara uku cur, amma kunnenmu bai taɓa jin mai harshen yana magana ba. Shi kuwa Faransanci rubutunsa daban, furucinsa daban. Ɗauki kalmar beaucoup, haruffa takwas, amma a baki "boku" kawai ake cewa. To yaron da ido kaɗai ya san kalmar, ta yaya zai gane ta in ya ji? Allah ma ya so mu, mutanen Maraɗi Hausa suke yi mana.

Wannan giɓin waya ke cikewa, kuma ba sai kowane ɗalibi ya riƙe tasa ba. Ni kaina ban goyi bayan a sakar wa yara waya a aji ba, don kullum ina ganin abin da ke cike da memorin wayoyin da ake kawo min gyara. Wayar malam ɗaya da ƙaramar sifikar Bluetooth sun wadatar. RFI na da labaran minti goma cikin sassauƙan Faransanci, Journal en français facile. Malam ya sauke ɗaya, ya kunna minti biyu, ya tsayar, yara su maimaita. In bidiyon YouTube ne, a rage saurinsa zuwa 0.75, za a ji kowace kalma rangaɗau. Malamin Larabci da na Turanci ma haka za su yi.

Amma fa a SAUKE, kar a dogara da netwok. Ba mu manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Wanda darasinsa ke kan intanet ya tsaya cik, wanda ya tara a memori bai fasa ba. Shi ya sa Duolingo, duk da daɗinsa, ban sa shi a gaba ba: yana son data, kuma ba ya koyarwa ta Hausa, sai kana jin wani harshe kamar Turanci. Google Translate ya fi shi dacewa da mu, tunda yana da Hausa tun 2013, kuma za ka iya sauke Faransanci ya yi aiki ba data. Sai dai a bar shi a matsayin ƙamus, don in ka ba shi doguwar jimla wani lokacin shirme yake kawowa.

Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita masu fita koyon koyarwa, ku fara gwadawa. Kafin ku shiga aji ku sa wayar a yanayin jirgin sama, kar kira ya shigo ta sifika a tsakiyar darasi.