Allah Ya Kyauta

A wata unguwa cikin birnin Kano akwai wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya bayan shekara 35 yana koyarwa. Kullum bayan sallar la'asar yakan fito da tabarmarsa da 'yar rediyonsa gindin darbejiyar ƙofar gidansa, maƙwabta su taru a yi majalisa har magariba. Ya daɗe da lura da wata ɗabi'a ta abokan zamansa. Idan aka ba da labarin wani babba ya yi sama da faɗi da dukiyar jama'a, sai ɗaya ya yi tsaki, wani ya kyalkyale da dariya, na uku ya ce, "Allah ya kyauta." Daga nan an rufe babin, sai a koma kan ƙwallo ko farashin masara.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne shekarar 2012. Ranar 1 ga Janairu gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ranar 9 ga wata ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, kasuwanni suka rufe, jama'a suka cika tituna daga Legas har Kano. Majalisar gindin darbejiya ma watsewa ta yi, domin hatta mai gyaran keken da bai taɓa kula siyasa ba ya bi ayari. Bayan mako guda gwamnati ta sassauto zuwa naira 97, kowa ya koma gida.

A watan Afrilu kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Farouk Lawan, mai wakiltar Ɓagwai da Shanono, ya miƙa rahotonsa. An ware naira biliyan 245 domin tallafin a kasafin 2011, amma abin da aka kashe ya haura tiriliyan 2, kuma akwai kamfanonin da suka karɓi kuɗin man da ba su shigo da shi ba. Hedimasta ya zaci ƙasa za ta sake girgiza, tunda ga ainihin ramin da kuɗin ya zurare an tono. Shiru kake ji. Bayan 'yan makonni sai ga zargin cewa shugaban kwamitin da kansa ya karɓi daloli daga hannun attajiri Femi Otedola domin a cire sunan kamfaninsa daga rahoton. Nan majalisa ta samu abin nishaɗi. "Ranka ya daɗe," in ji tela, "ai ka gani, duk kanwar ja ce." Aka bar zancen tiriliyan, aka kama zancen wanda ya fi wani wayo.

Sai a 2021 kotu ta yanke wa Lawan shekara 7 kan dala 500,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024. Ranar da aka karanta hukuncin farko, matasan da ke gefen tabarmar ba su ma san a kan me ake magana ba, domin suna firamare lokacin da abin ya faru.

Da farko hedimasta ya ɗauka jahilci ne, daga baya ya janye wannan zato. Mutanen nan sun san sunayen ministoci, suna sauraron BBC da Muryar Amurka safe da dare. Ba kuma mutuwar zuciya ba ce, domin da idonsa ya ga yadda unguwa ta yi caa a kan yaron da ya saci akuya, har sai da mai unguwa ya ƙwace shi da ƙyar. Akuya tana da mai ita, an san shi, an san 'ya'yansa. Kuɗin gwamnati kuwa a wurinsu kamar ruwan kogi ne, ba na kowa ba, wanda ya samu rana sai ya yi shanya. Ƙarin naira 76 a kan lita kowa ya ji shi a aljihunsa da safe. Tiriliyan kuwa lamba ce mai sifiri 12, ba ta da kama, ba ta da nauyi. Ba wanda ya taɓa zama ya nuna wa tela cewa rufin ajin ɗansa da iska ta yaye, da maganin da babu a asibitin unguwa, suna cikin waɗannan sifirai.

Akwai kuma gajiya, kuma a nan ba ya ganin laifinsu sosai. A 2022 aka yi wa tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, afuwa alhali suna zaman gidan yari kan almundahana, bayan shari'ar da ta ci sama da shekara 10. Wanda ya ga haka sau biyu, sau uku, yakan adana fushinsa domin abin da zai iya canzawa. Sai dai ɓarawon zaune ya fi kowa sanin wannan lissafi, kuma da shi yake kwana.

Inda abin ya fi yi masa ciwo shi ne da ya juya kan kansa. Shekara 35 yana koya wa yara tarawa da rabawa da lemo da goro, bai taɓa rubuta kasafin ƙaramar hukumarsu a allo ya ce su raba shi da kuɗin benci ɗaya ba. Ya kuma tuna shekarar da aka kawo wa makarantarsa rabin littattafan da takarda ta nuna, ya sa hannu cewa sun cika, domin kada a yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙauye. Da mataimakinsa ya dube shi, abin da ya ce masa ke nan: "Allah ya kyauta." Tela da mai gyaran keke duk ɗalibansa ne a wannan shekarar.