"Tsohon ciwo ne": amsar da ake sallamar masu mota da ita

Tun bayan rubutuna na baya a kan inshorar mota, ƙorafi ɗaya ake ta maimaitawa, daga Unguwar Hajji har Ƙaraye da Rogo, kuma abin ya ishe ni. A buge wa mutum mota, a dubi bamba da fitila a ce da sauƙi, bayan kwana uku inji ya fara zafi ko giya ta ƙi shiga, ya nemi haƙƙinsa, kamfanin inshora ya ce masa tsohon ciwo ne, ba hatsarin ya jawo ba. Shi ke nan sai ya ce Allah ya isa, ya haɗiye. Abin da nake so mu gane shi ne, ciwon da ya bayyana a makare ba lallai ne ya zama tsoho ba, kuma wannan amsar ba hukuncin alƙali ba ce. Sai dai mu ne muke zubar da hujjarmu tun a bakin titi.

Duk bakaniken kirki ya san yadda abin yake. Bugu daga gaba yana iya tsaga lagireto, tsagewar da ido ba ya gani. Ruwa ya riƙa ɗiga a hankali, direba ya kama hanya zuwa Kano, inji ya ɗau zafi, gaskit ya ƙone. Haka tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, in ta daki dutse lokacin da mota ta sauka daga kwalta, mai zai tsiyaye sannu a hankali har inji ya buga. Duk wannan daga hatsarin ya taso, ko da bai nuna kansa a ranar ba. Amma a yi wa kamfani adalci: takardar cikakkiyar inshora takan faɗa ƙarara cewa ba ta biyan lalacewar tsufa ko ta inji da ya gaza don kansa, kuma in ka ci gaba da tuƙa motar da ta yi hatsari kafin a gyara, ƙarin ɓarnar a wuyanka take. Saboda haka gardamar duka a kan tambaya ɗaya ce: me ya fara lalacewa, kuma yaushe? Wanda ya riƙe hoton ruwan da ya zuba a wurin, da rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, da rasit na juyen man da ya yi kafin hatsarin, shi ke da bakin magana.

Mu kuwa me muke yi? Jama'a su taru, dattawa su ce a yi haƙuri tunda ba a rasa rai ba, a ba mai mota 'yan kuɗin fenti, kowa ya watse. Washegari a kai wa bakanike, ya kwance inji, a sayo kaya a Ƙofar Ruwa, tsofaffin kuma a sayar wa 'yan gwangwan. Sai an gama sannan a tuna da inshora. To me mai ƙiyasin ɓarna na kamfani zai duba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sanar da kamfani a rubuce tun ranar, ka ja motar maimakon ka tuƙa ta, kada a kwance komai sai sun gani, ka adana duk ƙarfen da aka cire. In ɓarna ta ɓulla daga baya, ka sake rubuta musu, ka nemi bakanike mai zaman kansa ya rubuta abin da ya gani. Uwa uba, kada ka sa hannu a takardar sallama kafin a binciki inji, domin sa hannun nan yana nufin ka karɓi biya cikakke. In sun ƙi, ka nemi dalilinsu a rubuce, ka kai ƙara hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora.

Na san wani zai ce yawancinmu ƙaramar inshora muke yanka, wadda ba ta gyara motar mai ita. Gaskiya ne, amma tana biyan wanda ka buga, kai ma ta wanda ya buge ka ita ce za ta biya ka. Daga 1 ga Janairun 2023 kuɗinta na motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiya kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka matsa a kan tilasta ta. Ana karɓar kuɗinmu dole, don me za mu ji kunyar neman abin da aka yi mana alkawari? Sai dai ka tabbatar takardar ba ta bogi ba ce, ka danna *565*11# a waya ka duba lambar motar. Wani kuma zai ce inshora haramun ce. Wannan maganar malamai ce, ba tawa ba, amma akwai kamfanonin takaful da aka ba lasisi tun 2016, kuma su ma sai da hujja suke biya. Mai cewa ƙaddara ce kuwa, na yarda ƙaddara ce, amma yarda da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba.

Masu cewa na zama ɗan koren kamfanoni, ku sake karantawa. Sai dai ba zan goyi bayan wanda injinsa ya daɗe yana hayaƙi ba, ya samu hatsari ya ce a saya masa sabo. Wannan cin haram ne, kuma irinsa ne ke sa a riƙa zargin mai gaskiya. Direbobinmu na tasha da masu ɗaukar amfanin gona, motar nan ita ce abincin iyalanku. Ranar da tsautsayi ya faɗa, bayan an duba lafiyar mutane, ku leƙa ƙarƙashin motar ku ɗauki hoto kafin ku ce kun yafe. Allah ya tsare mana hanya.