Kira goma sha biyu a dare ɗaya

Mu da muka tashi da littattafan soyayya na haya da finafinan Indiya mun san yadda ake gane masoyin gaskiya a cikin labari. Shi ne wanda abinci ya gagare shi, ya rame, idan ya hangi yarinyar tana gaisawa da ɗan baffanta ma sai idonsa ya kaɗa ya yi jajir. Da waya ta shigo sai aka ƙara masa alama: kira goma sha biyu a dare ɗaya, da zaman gadin WhatsApp ko saƙon da ya tura zai yi shuɗi. A majalisunmu da ɗakunan ƙawayenmu, irin wannan ake nufi idan aka ce "wallahi mutuwar sonta yake yi". Wanda kuwa ya kira sau ɗaya bai samu ba, ya ce ƙila tana aiki ne, ya ja bargonsa ya yi barci, sai a taɓe baki a ce anya ta shiga ransa kuwa?

Masana halayyar ɗan'adam da wani ido suke kallon wannan abu, kuma daga jarirai suka faro. John Bowlby, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, shi ya kafa tushen maganar cewa da buƙatar maƙalewa jikin mai renonsa ake haihuwar yaro, kamar yadda ake haihuwarsa da buƙatar nono. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda tsakanin 1954 da 1955 tana shiga gidaje a ƙauyukan kusa da Kampala, tana lura da uwa da ɗanta. Daga baya a Baltimore ta Amurka ta tsara wani gwaji: uwa ta bar ɗanta a baƙon ɗaki na ɗan lokaci, sannan ta dawo. Abin da ya fi bayyana halin yaro shi ne yadda ya tarbi uwar. Wani ya ruga a ɗauke shi, ya yi shiru, ya koma wasansa. Wani ya ƙanƙame ta yana kuma ture ta, lallashi ya ƙi kama shi. Wani ya kawar da kai kamar bai ga ta shigo ba.

A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka ce ai manya ma haka suke da masoyansu. Suka buga tambayoyi a wata jarida a Denver, ɗaruruwan mutane suka amsa. Kusan kashi 56 cikin ɗari suka ce su masu natsuwa ne, kusanci ba ya firgita su, ba sa kuma kwana da fargabar za a gudu a bar su. Kashi 25 masu ja da baya ne, kashi 19 masu zullumi. Kafin nan, a 1973, John Alan Lee na Kanada ya riga ya kasa so gida shida, ciki har da so na shauƙi, da so na sadaukarwa, da so na wasa, da so mai kama da zautuwa. Da aka auna ma'aunan biyu tare, sai aka ga masu natsuwa sun fi karkata ga shauƙi da sadaukarwa, masu ja da baya ga so na wasa, masu zullumi kuma ga wancan mai kama da zautuwa. Karkata ce dai, ba hatimi ba ne a goshin kowa.

Ke nan kira goma sha biyun nan, wanda waƙoƙinmu ke yi wa kirari, sau da yawa tsoro ne ya yafa rigar so. Mun ga inda yake kai mutane. Yarinya ta zaɓi mai zafin kishi saboda shi ne ya nuna "ya damu", bayan biki sai ga shi yana bincike mata waya, zuwa gidan iyayenta ma sai da rigima. Mun ga kuma ɗayan, mai 'yan mata uku, wanda da zarar an ce turo iyayenka sai layinsa ya daina shiga. Idan irinsa ya yi auren ma, majalisa ce gidansa har sha biyun dare. Abin tausayin shi ne idan waɗannan biyun suka haɗu a ɗaki ɗaya: tana matsowa yana ja da baya, ja da bayansa na ƙara mata tsoro, tsoronta na ƙara korarsa. Dangi su taru su ce sammu ne.

Sai dai fa mu Hausawa da gyara a wajen auna shiru. Muna da kunya, kuma kunya daban take da ja da baya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma a hannun kaka yake tashi tun daga yaye. Baƙo ya gani sai ya ce ba ta son sa, alhali mun san wace ce ba ta runtsawa ran da zazzaɓi ya kama shi. Wani nazari da Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977 a kan jariran Hausawa ya nuna yaro na iya shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a gida, amma da wadda ya fi nufa in hankalinsa ya tashi.

Da yawa cikin iyayenmu maza ba su taɓa cewa "ina son ki" a gaban kowa ba. Iyayenmu mata ma sai dai su ce "Malam" ko "baban wance". Amma ran da jiki ya ƙi daɗi, mun ga tsoho ya rufe shago tun kafin azahar, ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakinta yana jan carbi, jefi-jefi yana tambayar yara ko ta sha kunun.