Gidan Gaba

Mu mutanen Gidan Dare ba mu san teku ba, amma mun san son gaba. In za mu Kano, sammakon tasha muke yi don mu kama gidan gaba, ko da kuɗin mutum biyu ne. Dattawan da suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda sun ce goshin jirgin ruwa ya fi jijjiga. Mai gudun amai tsakiya yake nema. To, haka mota take. Na gaba ya sha iska, amma tsakanin Talata Mafara da Gusau shi ke fara ganin abin da ya tare hanya. Duk da haka nan muke zama. Gara mu gani da idonmu, da mu ji a salatin direba.