Shukar Lema a Inuwar Zango

Daga Daura idan ka nufi gabas, tafiya ce gajera kafin ka isa Zango, garin da ke dab da iyakar Nijar. A watan Maris babu abin da ido zai gani a hanya sai rairayi, karan gero da aka bari a gonaki, da bishiyoyin gawo da aduwa jefi-jefi. Garin na da tarihi: a nan sarakunan Haɓen Daura suka zauna bayan jihadi, kuma daga nan Turawa suka ɗauko Malam Musa a 1906 suka naɗa shi Sarkin Daura. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai a hutun da na yi can wata shuka ce a cikin tukunya.

A gidan gwaggona take, a ƙarƙashin rumfa kusa da randa. Sunanta shefilera, Turawa kuma suna kiranta bishiyar lema, domin ganyenta kan fito bakwai zuwa tara daga wuri ɗaya su baje kamar an buɗe lema. Asalin wannan ƙaramin nau'in daga tsibiran Taiwan da Hainan yake, wuraren ruwan sama da laima. To me ya haɗa ta da garin da zafin bazara ke haura digiri 40?

Amsar tana wurin da aka ajiye ta. Shefilera na son haske amma ba ta jure rana kai-tsaye. Kwana biyu a tsakar gida sun isa su ƙone ganyen. Idan kuma aka kai ta ƙuryar ɗaki sai ta yi ta tsawo siririya tana neman haske. Rumfar zana ce daidai da ita. Tukunyar ma ta ƙasa ce, an huda ƙasanta, an cika ta da yashi da busasshen taki da ya daɗe. Yadda randa ke sanyaya ruwa haka tukunyar ke sanyaya saiwa, abin da bokitin roba ba zai yi ba.

Ruwa shi ne babbar magana, domin a unguwar gwaggo saye ake yi a hannun 'yan garuwa. Mai gidan ya taɓa cewa ba za a sayi jarka don shukar da ba a ci ba, kuma a ganina yana da hujja. Gwaggo sai ta ajiye kwano a inda ake alwala. "Ɗana, wannan ba ta da ci," in ji ta, "yawan ruwa ne ma ke kashe ta." Gaskiya ne: sai ka tura yatsa ka ji saman ƙasar ya bushe kafin ka zuba. Ganye ya yi rawaya yana zuba, galibi ruwa ne ya yi yawa.

Da hunturu aikin ya fi yawa. Ƙura kan rufe ganyen, busasshiyar iska kuma na jawo wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa a bayan ganye, don haka duk mako ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ana kuma ɗora tukunyar a kan bulo, domin ganyen na ƙona baki idan akuya ko yaro ya tauna.

'Yan uwana ɗalibai masu son gwadawa a ɗakin kwana na makaranta, ku jira damina. A yanki reshe mai tsawon ɗani, a cire ganyen ƙasa, a dasa a yashi mai danshi cikin inuwa. Bayan 'yan makonni saiwa za ta fito. Ta gwaggo ta riga ta haifi uku a gwangwanayen madara, biyu sun tafi maƙwabta, ɗaya kuma ana ajiye wa wata amarya da za a kai Ɓaure bayan kaka.